Tankin murjani ya kai digiri 31 a bazara: daga ina zafin yake, kuma yaya za a sauke shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Kano, ina da tankin gilashi na ruwan gishiri a falo. Yana cin lita 300 idan aka haɗa da ƙaramin tankin da ke cikin kabad ɗin ƙasa, kuma akwai 'yan kifaye da murjani masu rai a ciki. Tun da bazara ta kama, ma'aunin zafi yana nuna 30, wani lokaci 31, bayan la'asar, kuma kawunan wasu murjanin sun fara koɗewa. Ina jefa gorunan ƙanƙara amma ba ta sauya zani ba. Me ke kawo wannan zafi? In sayi na'urar sanyaya ruwa ne, ko akwai wata hanya?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Digiri 30 zuwa 31 kullum da yamma ba abin da za a zuba wa ido a jira damina ba ne. Galibin murjanin da ake sayarwa don tanki asalinsu daga tekun Indonesiya da Ostireliya ne, kuma sun fi sakewa tsakanin 25 da 27. Tun kafin ka gama karanta wannan, ka cire murfin tankin, ka kashe fitilunsa, ka zare filogin hita, ka buɗe ƙofofin kabad, ka juyo fankar tsaye ta riƙa kaɗa saman ruwan. Wannan kaɗai yana iya sauke maka digiri ɗaya ko biyu kafin gari ya waye. Na'urar sanyaya ruwa, wadda masu sayarwa ke kira cila, mai yiwuwa ka buƙace ta, amma ban yarda ka fara da ita ba. Wanda bai san ta inda zafi ke shiga tankinsa ba, ko dai ya sayi ƙarama ta yi ta gurnani dare da rana ba ta cim ma komai ba, ko ya sayi babba yana biyan kuɗin wuta don ta kwashe zafin da shi da kansa yake zubawa a ruwan.

Koɗewar da kake gani tana da dalili. Murjani dabba ce, amma a cikin namanta akwai wasu ƙananan gansakuka masu ƙwayar halitta ɗaya da masana ke kira zooxanthellae. Su ne ke amfani da haske su sarrafa abinci su ba ta mafi yawan abin da take rayuwa a kai, su ne kuma ke ba ta launin ƙasa-ƙasa. Idan ruwa ya yi zafi, ga haske mai ƙarfi yana dukansu, aikin sarrafa hasken yakan rikice su fara fitar da sinadaran da ke cutar da uwar ɗakinsu, sai ta kore su. Abin da ya rage shi ne nama garai-garai wanda ake hango farin ƙashi ta cikinsa. Ka lura, zafi da haske ne suke haɗuwa su yi ɓarnar, shi ya sa na ce ka kashe fitila. Kwana biyu ko uku babu fitila ba zai kashe murjani ba, don ko a teku akan yi kwanaki ana hadari.

Ratar da ke tsakanin lafiya da ɓarna ba ta da faɗi. Hukumar NOAA ta Amurka, da ke bin diddigin zafin teku ta tauraron ɗan adam, tana fara lissafin haɗari ne da zarar ruwa ya ɗara abin da aka saba gani a watan da ya fi zafi a wurin da digiri ɗaya tak. Idan aka yi mako huɗu a haka, ana sa ran koɗewa. Mako takwas kuwa, ana sa ran mutuwa. A 2016 zafin teku ya kashe kusan kashi 30 cikin ɗari na murjanin da ke ruwa marar zurfi a babban jerin murjanin nan na gabar Ostireliya. Wanda ya san Jidda ko Port Sudan zai ce ai Bahar Maliya da ɗumi take amma murjani na nan birjik, kuma a Tekun Fasha ruwa yakan kai 34 zuwa 35 da rani. Haka ne, sai dai waɗancan sun yi dubban shekaru suna sabawa, kuma ba su ne a falonka ba.

Kifayen kuma matsalarsu ta numfashi ce. Ruwan gishiri tun asali ba ya riƙe iskar oksijin kamar ruwan daɗi: a digiri 25 ruwan daɗi yana ɗaukar kusan miligiram 8.3 a kowace lita, ruwan teku kusan 6.8, idan ya kai digiri 30 kuma ya sauka wajen 6.2. Ragin ba shi da yawa a ido, amma a daidai lokacin ne jikin kifi da murjani da ƙwayoyin bakteriyar da ke cikin duwatsu da yashi duk suke ƙara saurin aiki, kowa yana neman iska fiye da da. Ka leƙa tankin da asuba kafin haske ya shigo, lokacin da iskar ta fi ƙaranci. Idan ka tarar da kifi ya taso sama, ko ya laɓe kusa da bakin famfo yana buɗe kumatu da sauri-sauri, to iska ce ta yi masa kaɗan. Ka ɗaga bakin famfo ɗaya ya riƙa yamutsa saman ruwa, ka bar na'urar kumfa, wato mai tace dattin ruwa ta hanyar kumfar iska, tana aiki dare da rana, ka rage abinci zuwa rabi har zafin ya sauka. Akwai kuma cututtukan da ɗumi ke zuga su. Bakteriyar Vibrio coralliilyticus, alal misali, takan fara cin naman murjani sosai idan ruwa ya haura wajen 27.

Kafin ka kashe ko sisi, tabbatar da ma'aunin naka gaskiya yake faɗa. Irin wanda ake liƙawa a bayan gilashi rabin abin da yake nunawa zafin ɗaki ne. Na lantarki masu araha kuma sukan kauce da digiri guda ba tare da an sani ba. Sami na biyu, ka tsoma su tare a kofin da ka cika da dakakkiyar ƙanƙara da ɗan ruwa. Mai gaskiya zai nuna sifili. Daga nan ka yi kwana biyu kana rubuta zafin ruwa da zafin ɗaki sau huɗu: da asuba, da azahar, bayan la'asar, da tsakar dare. Wannan takardar ita za ta nuna maka mai laifi. Idan ruwa yana bin ɗaki sawu da ƙafa, ɗakin ne. Idan yana tashi ne bayan an kunna fitila, fitila ce ko murfi. Idan kuwa ko da asuba yana sama da ɗaki da digiri biyu ko uku, famfuna ne, ko hita tana aiki a ɓoye.

Yanzu ga lissafin da nake so ka riƙe, domin duk shawarar da za ta biyo baya a kansa take. Ɗaga zafin lita ɗaya ta ruwan teku da digiri ɗaya yana cin ƙarfin wuta kwatankwacin wat 1.14 na tsawon awa guda. Lita 300 ɗinka ke nan tana buƙatar kusan wat 340 na tsawon awa guda kafin ta hau digiri ɗaya. Duk famfon da ke nutse a ruwa kuma, wutar da ya ja gaba ɗayanta a ruwan take ƙarewa a matsayin zafi, har wadda ta tafi wajen tura ruwan, don motsin ma daga ƙarshe zafi yake komawa. Famfo mai wat 60 a cikin ruwa, hita ce mai wat 60 da ba a taɓa kashewa. A ce kana da famfon da ke mayar da ruwa sama mai wat 60, da masu kaɗa igiyar ruwa biyu masu 15 kowanne, da na na'urar kumfa mai 25, da fitilar UV ta kashe ƙwayoyin cuta mai 15. Jimla 130. A awa 24 ya zama kwatankwacin wat 3,120 na awa guda, wato abin da zai ɗaga ruwanka da digiri 9 a yini da a ce babu inda zafin ke fita. Duba jikin kowace na'ura, an rubuta wat ɗinta, ka yi naka lissafin.

To ina zafin ke fita? Hanya biyu ce: ta jikin gilashi zuwa iskar ɗaki, da ta saman ruwa idan ya zama tururi ya bi iska. Ta farko tana aiki ne kawai idan ɗakin ya fi ruwan sanyi. A Kano a watan Afrilu, lokacin da waje ke kaiwa 40, falon da ba na'urar sanyaya ɗaki a kunne, musamman mai rufin kwano ko bene na ƙarshe, yakan wuce 32 cikin sauƙi, kuma bangon bulo yana riƙe zafin har cikin dare. A irin wannan hali gilashin ba fitar da zafi yake ba, shigo da shi yake. Hanya ta biyu ce kaɗai ta rage, ita kuma mutane da yawa sun toshe ta da murfin gilashi don kada kifi ya yi tsalle ko don kada ruwa ya riƙa raguwa. Idan haka tankinka yake, ba a bar wa zafin ƙofa ko ɗaya ba. Sauya murfin da raga mai ƙananan idanu; kifi ba zai fita ba, tururi zai fita.

Fitila ita ce ta gaba. Tsofaffin fitilun metal halide masu wat 250 ko 400 suna gasa saman ruwa kai tsaye, ka sa bayan hannunka a ƙarƙashinsu za ka ji. Dogayen T5 sun fi su sauƙi, LED kuma ta fi duka, domin yawancin zafinta ta bayanta yake fita zuwa sama. Amma ko LED ce, idan aka kulle ta cikin akwatin katako a saman tanki, zafin nan zai taru ya dawo wa ruwa. Ɗaga ta sama kaɗan, ka buɗe mata hanyar iska. Wata dabara da ba ta cin ko kwabo ita ce juya lokacin kunnawa: murjani bai san agogo ba, sai ka mayar da yininsa daga magariba zuwa wajen ƙarfe biyu na dare, yadda zafin fitila ba zai haɗu da zafin la'asar ba. Ka riƙa matsar da lokacin da awa ɗaya a kullum har ka kai.

Rana kuma ba a raina ta. Da tsakar rana tana sauke kusan wat 1,000 a kan kowace murabba'in mita. Ko kashi ɗaya cikin uku ne ya ratso taga ya faɗi a gefen tankin na awa biyu, ya fi duk famfunanka a wannan lokacin. Tun da ka ce bayan la'asar abin ya fi tsanani, ina zargin akwai taga ta yamma. Labule mai kauri ya wadatar, in kuma da hali a tare ranar tun daga waje.

Sai hita. Ana buƙatarta a Kano, don da sanyin hunturu dare yakan sauka ƙasa da 15, amma tana cikin na'urorin da suka fi kashe tanki. Masu araha suna da ɗan ƙarfen da ke lanƙwashewa ya haɗa wuta ya kuma raba, kuma yau da gobe bakin nan yakan manne, sai ta yi ta aiki ba tsayawa. Hita mai wat 300 da ta manne a lita 300 tana ƙara kusan digiri ɗaya a kowace awa da 'yan mintuna. Ka kwanta lafiya, ka tashi ka tarar da aika-aika. Daga Maris zuwa Oktoba ba ta da aikin yi a gidan da ba a kwana da na'urar sanyaya ɗaki, a zare ta. Idan lokacinta ya dawo, a haɗa ta ta cikin na'urar sarrafa zafi mai nata ma'aunin daban, irin su Inkbird, wadda za ta yanke mata wuta ko da ta manne. Ƙanana biyu sun fi babba ɗaya aminci.

Wani abin da ake mantawa: ciro famfon da ke mayar da ruwa sama, ka buɗe shi, ka zaro ɗan farfelan da ke ciki. Sau da yawa za ka ga maganaɗisun ya yi farin ɓawo mai kaushi, ka kankare da farce ya ƙi fita. Alli ne, sinadarin kalsiyam da ke cikin ruwan, wanda ya fi son daskarewa a inda ke da ɗumi. Famfon da ya yi wannan ɓawo yana juyawa da ƙyar, ruwan da yake turawa ya ragu, zafin da yake bayarwa bai ragu ba. Jiƙa shi a ruwan khal ko ruwan garin sitirik asid na 'yan awanni, ka goge da tsohon buroshin haƙori, ka ɗauraye. Idan kuma tsohon famfo ne mai jan wuta da yawa, sababbin nan na DC, masu aiki da wuta irin ta batir, sukan yi aiki iri ɗaya da wuta ƙasa da haka sosai, ga shi ana iya rage musu gudu. Fitilar UV ma ana iya kashe ta har bazara ta wuce idan ba cuta ake yaƙi da ita ba.

Mu koma kan ƙanƙararka, ka ga abin da ya sa ba ta yi maka komai ba. Kilo ɗaya na ƙanƙara, daga fitowarsa firiza har ya narke ya yi ɗumi daidai da tankin, abin da zai kwashe kusan 135 ne a wancan ma'aunin namu na wat a awa guda. A lita 300 wannan bai kai rabin digiri ba. Don ka biya bashin famfuna kaɗai, 3,120 ɗin nan, sai ka zuba fiye da kilo 20 kullum, ba a ma zo maganar fitila da ɗaki ba. Amma lita ɗaya ta ruwa da ta zama tururi ta bi iska tana tafiya da kusan 680, wato ninki biyar na ƙanƙarar, kusan digiri biyu a tankinka. Lita huɗu da rabi zuwa biyar a yini sun share zafin famfunan gaba ɗaya. Aikin randa ke nan: ruwa yana tsattsafowa ta jikin ƙasa, iska tana shanye shi, na ciki yana yin sanyi. Da wannan hikimar ce Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Jigawa, ya yi tukunya cikin tukunya ta adana kayan lambu har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Ƙanƙara ta bari don ranar gaggawa, kuma ko a ranar ta kasance cikin gora a rufe, a sa ta a tankin ƙasa inda ruwa ke gudu, kada ta taɓa murjani.

A nan Kano ta ba ka abin da mai tanki a Legas ba shi da shi. Iyakar sanyin da fanka za ta iya kaiwa ya dogara ne da bushewar iska. Iska mai digiri 35 da laima kashi 20 cikin ɗari, irin ta Maris da farkon Afrilu, a ƙa'ida tana iya sanyaya ruwa har wajen 19. Ba za ka kai can ba, amma digiri biyu zuwa uku, wani lokaci fiye, abu ne mai yiwuwa. Iska mai digiri 30 da laima kashi 80 kuwa, irin ta tsakiyar damina, ba za ta iya sauke shi ƙasa da 27 ba ko fanka goma ka jera. Lokacin da ya fi wahala shi ne ƙarshen bazara, Mayu zuwa farkon Yuni, da laima ta fara shigowa amma zafi bai tafi ba. Fankar ta riƙa busawa a kwance tana shafar saman ruwa, ba ta doke shi daga sama ba. Ƙananan fankokin kwamfuta masu bolt 12 biyu ko uku a bakin tanki, da ɗaya a kan tankin ƙasa, sun isa, kuma ba su da haɗarin jan wuta kamar babbar fanka kusa da ruwan gishiri. Ɗakin ma yana son hanyar iska, in ba haka ba laimar za ta taru fankar ta koma kaɗa banza.

Fanka tana da farashi biyu. Na farko, gishiri ba ya bin iska. Lita biyar a kullum daga 300, a kwana uku ruwanka ya ƙara gishiri da kashi biyar cikin ɗari, daga 35 ya doshi 37 a ma'aunin gishiri, kuma wannan ma wahala ce ga murjanin da ya riga ya galabaita. Dole ka riƙa cike gurbin kullum da tataccen ruwan daɗi na injin RO, wato injin da ke tace gishiri da datti daga ruwa, ba ruwan gishiri ba, ba na rijiya ko burtsatse ba. Ƙaramar na'urar da ke cikewa da kanta idan ruwa ya sauka ta fi cila muhimmanci a wajena, kuma ba ta kai kusa da kuɗinta ba. Na biyu, duk abin da ke cikin iskar falo fanka za ta tura shi cikin ruwa. Ƙura da sauƙi. Maganin sauro na feshi da na kunnawa su ne abin tsoro, domin sinadaran da ke cikinsu guba ne mai ƙarfi ga kifi da jatan lande. Ka gaya wa mutanen gida a daina fesawa a wannan ɗakin, turaren wuta ma a kai shi wani wuri.

Idan ka yi duk wannan, ruwa yana tsayawa a 27 ko ƙasa, ka gama, ka riƙe kuɗinka. Idan har yanzu yana haura 28, zaɓi biyu ne. Na'urar sanyaya ɗaki da aka saita a 26 ko 27, haɗe da fanka, takan wadatar, kuma kai ma ka amfana. Matsalarta sai an bar ta a kunne ko ba kowa a gida. Cila kuma firji ce ƙarama da ruwan tanki ke ratsawa ta cikinta. Ga lita 300 a ƙasa mai sanyi, takardar kamfani za ta ce mai ƙarfin doki 1/10 ta isa. A ɗaki mai digiri 33 ni zan ce ka ɗauki 1/4, don ƙarfinta yana raguwa gwargwadon zafin iskar da take shaƙa. Ka tabbata bututun da ruwa ke taɓawa a cikinta na titaniyom ne, kamar yadda yake a na Teco da Hailea da ake yi don ruwan gishiri. Jan ƙarfe ko tagulla kada su kusanci ruwan nan, ɗan kaɗan ya isa ya kashe murjani da duk wani mai ɓawo. Wannan ne ma ya sa ba na goyon bayan dabarar nan ta huda tsohuwar firji a nannaɗe tiyo a ciki: idan na jan ƙarfe ne guba, idan na roba ne ba ya ba da sanyi, ita kanta ƙaramar firjin ba a yi ta don kwasar zafi ba dare ba rana ba.

Inda aka ajiye cila shi ne rabin aikinta. Ba ta hallaka zafi, kwashe shi take daga ruwa ta zubar a iska, ta ƙara da nata. Wanda ya cusa ta cikin kabad ya rufe ƙofa, zafin da ta fitar shi za ta sake shaƙa, shi kuma zai koma tankin ƙasa. A ajiye ta a fili da tazara ta kowane gefe, in da hali ma a wani ɗaki ko baranda mai inuwa a ja tiyo. A riƙa goge ragar gabanta, don ƙurar Kano ba ta jimawa take toshe ta. Ka duba wutar da aka rubuta mata: tamu bolt 230 ce, wadda aka yi don kasuwar Amurka kuwa 110 zuwa 120 ce, kuma saurin juyawar wutar ma ya bambanta. Ka sa mata sitabilaiza mai jinkirin minti uku, domin kwamfireso, wato injin da ke cikinta, ba ya son a ɗauke wuta a dawo da ita nan take, kuma lokacin tashi yana fizgar wuta ninkin abin da yake ci idan ya daidaita, abin da ƙaramar inbata ba lalle ta ɗauka ba.

Ɗauke wuta, a gaskiya, ya fi zafin kansa ba ni tsoro. Idan wuta ta tafi da rana, famfuna sun daina ƙara zafi, lita 300 kuma ba ta ɗumama da wuri. Abin da ke saurin ƙarewa iska ce. Ruwa mai digiri 30 da ya tsaya cik, cike da kifi da duwatsu masu rai, cikin 'yan awanni yana iya fara kisa. Saboda haka abin da za ka fara ɗorawa a kan batir ko sola ba cila ba ce: famfon kaɗa igiya ɗaya ne da aka nufa sama, da ƙananan fankokin nan. Duka ba su wuce wat 30 ba, batirin mota mai kyau zai riƙe su tsawon dare. Ka ajiye ɗan injin hura iska mai batir a kusa. Idan komai ya ƙi, ɗebi ruwan da jug ka riƙa kwararo shi daga sama kowane minti goma sha biyar, kuma kada a ba da abinci.

Wajen saukewa kada ka yi garaje. Digiri ɗaya a cikin awa ɗaya ko biyu ya isa ko a halin gaggawa, kuma canjin ruwa da mai sanyi ƙwarai a lokaci guda ya fi zafin illa. A bazara ni zan saita na'urar sarrafa zafi haka: fanka ta tashi a 26, cila ta tashi a 27 ta tsaya a 26.3, fitila ta mutu idan an kai 28.5, hita kuma, lokacin da aka mayar da ita, kada ta tashi sai an sauka 25. Tazarar nan ita ke hana hita da cila yin kokawa da juna a kan kuɗin wutarka. Tankin da ke zaune daram a 27 ya fi wanda ke kwana a 25 ya yini a 30.

Murjanin da suka koɗe kuma kada ka yi saurin fitar da su. Duba su da daddare da ƙaramar tocila. Idan har ka ga nama, ko da fari ne fat, da 'yan bakunan nan suna buɗewa suna motsi da igiyar ruwa, da ransa. Sauke shi ƙasa inda haske bai da ƙarfi, ka rage ƙarfin fitila zuwa rabi idan ka dawo da ita, ka ba shi ruwa mai gudu, sannan bayan zafin ya daidaita ka riƙa ɗiga masa abincin murjani kaɗan sau biyu a mako, tun da masu ciyar da shi sun tafi. Launi yakan fara dawowa cikin makonni, wani sai watanni, kuma ƙasa-ƙasa yake fara yi kafin asalin launinsa. Idan kuwa nama yana saɓulewa yana barin ƙashi tsirara, kamar yadda murjani mai rassa da ake kira Acropora ke yi cikin yini guda, karya reshen da ke da lafiya can nesa da inda cutar ta kai, ka dasa shi daban, ka fitar da sauran daga tankin. Har bazara ta wuce kada ka ƙara sabon kifi ko murjani, in kuma za ka ƙara daga baya, fara da masu taushi irin su zoanthid da masu kama da laimar kwaɗi, sun fi jure ɗumi.